IN KA ISA KA YI: JAWABI GA IYAYE DA DATTAWAN IKILISIYA A KAN GANGANCIN SAMARI A FILIN WASA

  Batun da aka ba mu yau ya shafi kowane gida da yake da yaro namiji wanda ya fara tsirar gashin baki. Batun kuwa shi ne 'yar gajeriyar maganar nan da samari suke jefa wa juna a bakin filin ƙwallo: in ka isa ka yi. Wani lokaci sukan ce in ka cika namiji, ko in ka haifu. Kalmomin ba su da yawa, amma sun sa an sayar da hatsin gida, sun kai iyaye ofishin 'yan sanda, sun kuma bar waɗansu yara da ɗingishi har tsufa.

Abin da ya faru a Filadelfiya

Za mu fara da labarin da ya faru nesa da mu, domin sau da yawa mutum ya fi ganin abu sarai idan ba a ƙofar gidansa ya faru ba. A ƙasar Amurka akwai birni mai suna Filadelfiya. Ba wadda aka ambata cikin Ru'ya ta Yohanna ba, wannan wata ce dabam. Mutanen can suna son wani wasa da ake kira besbol, inda ɗan wasa yake jefa ƙaramar ƙwallo mai tauri, wani ya doke ta da kulki ya ruga da gudu. Yadda samarinmu suke haukan ƙwallon ƙafa, haka su ma suke da wannan wasa.

Ranar 3 ga watan Mayu, 2010, ƙungiyar birnin mai suna Phillies tana wasa da Cardinals ta birnin Sant Luwis, gaban dubban 'yan kallo. Cikin masu kallo akwai wani saurayi ɗan shekara 17, ɗalibin sakandare da yake gab da gamawa. Kafin ya yi abin da ya yi, ya buga wa mahaifinsa waya ya tambaye shi ko zai iya tsallakawa cikin filin ya yi gudu. Mahaifin ya gaya masa cewa a ganinsa bai kamata ba. Yaron ya ajiye waya, wasa ya kusa ƙarewa sai ya tsallake shinge ya faɗa fili, yana gudu yana kaɗa farin tawul, masu tsaro suna binsa yana zille musu, jama'a suna ihu. Bai yi minti ɗaya ba wani ɗan sanda ya harbe shi da irin bindigar nan mai sakin wutar lantarki a jiki. Ya faɗi rub da ciki a gaban jama'a da na'urorin ɗaukar hoto.

Allah ya sa ya tashi da ƙafafunsa. Amma aka tafi da shi, aka tuhume shi da shiga wurin da aka hana, da tada hankalin jama'a, da ƙin tsayawa a kama shi. Kotu ta sa a zuba masa ido na wata 6, ta kuma ɗora masa aikin gayya na awa 80. Hoton faɗuwarsa ya zagaya duniya, har yau kuma yana nan a intanet ga duk mai nema. Akwai ƙarin abu ɗaya da muke so ku riƙe: washegari da dare, a wannan fili, wani mutum baligi ya sake tsallakawa. Ganganci yana da yaɗo kamar ƙyanda.

Mutane da yawa a Amurka sun yi gardama, suna cewa ɗan sandan ya wuce gona da iri, tun da yaron bai riƙe makami ba. Shugaban 'yan sandan birnin kuwa ya goyi bayan ma'aikacinsa. Ba mu zo yanke wannan shari'a ba. Sai dai mu san cewa masu tsaron filaye suna da abin da suke tunawa. A shekarar 1993 a birnin Hambug na Jamus, wani ɗan kallo ya daɓa wa 'yar wasan tanis Monica Seles wuƙa a baya ana cikin wasa. A watan Satumba na 2002 a birnin Shikago, wani mutum da ɗansa mai shekara 15 suka tsallaka filin besbol suka rufe wani mai horar da 'yan wasa, Tom Gamboa, da duka, har kunnensa ya sami lahani. Saboda haka mai tsaro ba ya ganin zuciyar yaron da ya tsallako. Abin da yake gani shi ne mutum yana gudu inda bai kamata ba. Yaro yana wasa ne a ransa, wanda zai tare shi kuwa ba wasa yake yi ba.

Abin da ya faru kusa da mu

Kada wani ya ce wannan halin Turawa ne. A watan Afrilu na 2022, a filin wasa na Sani Abacha da yake Ƙofar Mata a Kano, Kano Pillars ta karɓi baƙuncin Katsina United. Aka tashi da hargitsi, waɗansu 'yan kallo suka farfasa motar da ta kawo baƙin. Hukumar gasar ta ci Pillars tarar naira miliyan 9, ta cire mata maki 3, ta kuma mayar da wasanninta na gida zuwa Abuja. A ƙarshen wannan kaka ƙungiyar da ta ɗauki kofin ƙasa sau 4, a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta gangara rukuni na ƙasa. Akwai waɗansu dalilai da suka taru suka kai ta can, amma makin da aka cire yana cikin lissafi.

Ku duba wanda ya biya. Waɗanda suka yi jifa sun watse sun tafi gidajensu. 'Yan wasan da suka yi gumi, da masu sayar da ruwa da rake a bakin fili, da dubban magoya bayan da ba su ɗaga ko tsakuwa ba, su ne suka ɗauki nauyin. Hausawa suka ce ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa.

A garuruwanmu babu babban fili mai shinge da 'yan sanda. Muna da filin makarantar firamare, da gasar unguwa da unguwa bayan an gama girbi, da gidajen kallo inda ake biyan kuɗi a ga wasan Turai. Amma maganar ɗaya ce. In ka isa ka shiga ka ɗauke ƙwallon. In ka isa ka jefi alƙalin wasa. In ka isa ka hau turken lantarki ka ɗaura tutar ƙungiyarmu. Idan aka ci wasa sai a hau babur mutum huɗu, a ce wa mai tuƙi ya saki hannu ko ya ɗaga ƙafar gaba. Da damina kuma a koma kududdufi, a ce wa wanda bai iya iyo ba ya yi tsalle daga kan tudu. Duk wanda ya zauna a wannan yanki ya ga ɗaya daga cikin waɗannan da idonsa.

Me ya sa yaro mai hankali yake yin haka?

Iyaye mata sukan ce, yarona ba haka yake ba, a gida ko ƙuda ba ya kashewa. Gaskiya suke faɗa. Yaron da yake gida shi kaɗai dabam ne da yaron da yake tsakiyar abokansa.

A wannan birni na Filadelfiya akwai Jami'ar Temple, inda wani masanin halayyar matasa, Farfesa Laurence Steinberg, ya daɗe yana nazarin wannan abu. A shekarar 2005 shi da Margo Gardner suka wallafa sakamakon wani gwaji. Sun sa mutane su yi wasan tuƙin mota a kwamfuta, inda mai tuƙi zai zaɓa ko ya tsaya idan fitilar hanya ta nuna gargaɗi, ko ya ci gaba don ya ƙara maki, da haɗarin ya yi karo. Waɗansu sun yi su kaɗai, waɗansu kuma tsaransu suna tare da su. Manya ba su sake hali sosai ba ko da wa yake kallo. Amma 'yan shekara 13 zuwa 16 sun ninka kasadarsu kusan sau biyu idan tsaransu suna wurin.

Masana sun bayyana dalilin. Sashen ƙwaƙwalwa da yake jin daɗin yabo da tafi yana tashi da ƙarfi tun farkon balaga. Sashen gaba kuwa, wanda yake taka wa mutum birki ya sa shi auna ƙarshen abu, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20. Kamar sabon babur ne mai ƙarfin inji wanda ba a gama ɗaura masa birki ba. Yaron ya san haɗarin. Idan ka tambaye shi a ɗaki zai lissafa maka shi tsaf. Amma a bakin fili, idanun abokansa sun fi masa nauyi a kan ƙashin ƙafarsa.

Kakanninmu ba su karanta wannan a jami'a ba, amma sun gane shi. Shi ya sa wasannin gwada ƙarfi na gargajiya, kamar kokawa da dambe da sharon Fulani, ba a yinsu sai da manya a wurin, da ƙa'ida, da mai raba faɗa. Sun san saurayi yana da ƙishirwar nuna kansa, sai suka gina wa ƙishirwar shinge. Abin da ya sake a zamaninmu shi ne ƙishirwar tana nan, manya kuwa sun janye daga bakin fili, wayar hannu ta maye gurbinsu. Yanzu ba mutum goma ne suke kallo ba. Ana ɗauka a waya, kafin yaro ya isa gida an gani a Facebook da WhatsApp har Kano da Legas.

Littafi Mai Tsarki ma ya san wannan murya. Cikin Matiyu sura 4, Iblis ya kai Ubangijinmu kan ƙololuwar Haikali ya zuga shi ya yi tsalle don ya tabbatar da ko shi wane ne. Wannan ita ce in ka isa ka yi ta farko-farko. Yesu ya ƙi, domin bai bukaci ya tabbatar wa mai zuga kome ba. Cikin Markus sura 6 kuma mun ga Hirudus, sarki guda, ya cika baki gaban baƙinsa, ya kasa janyewa saboda kunyar idanunsu, har aka fille kan Yohanna Mai Baftisma. Idan idon jama'a ya iya tura sarki ga abin da ransa ba ya so, ina ga ɗan shekara 15?

Abin da yake biyo baya

Na farko shi ne jiki. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma sai a yi dubu ba a fito ba. Karayar cinya ko ta ƙashin baya takan wuce ƙarfin asibitin kusa, sai an dangana da asibitin ƙashi na Dala a Kano. Kuɗin mota, da na aiki, da na abincin mai jinya, duk daga rumbu za su fito. Riɗin da aka noma don kuɗin makarantar ƙanne, da akuyar da uwa ta ajiye don ranar bukata, sai a kai su kasuwar Maigatari ranar Alhamis a sayar yadda aka taya, domin mai gaggawa ba ya ciniki.

Na biyu shi ne doka. Yawancin iyaye suna zaton yaro ba ya laifi a idon hukuma sai ya kai shekara 18. Ba haka ba ne. A dokar Final Kod ta Arewa, wanda bai kai shekara 7 ba ne kaɗai aka ɗauke wa laifi gaba ɗaya. Tsakanin 7 da 12 ana duba ko ya mallaki hankalin sanin abin da ya aikata. Daga nan sama kuwa yana amsa laifinsa, ko da yake ana bi da shari'ar yara ta hanyar da ta bambanta da ta manya. Wanda ya fasa gilashin mota ko ya rotsa kan wani ba zai tsira da cewa abokai ne suka zuga shi ba.

Na uku shi ne suna, kuma a nan ne abin ya fi shafarmu. Mu kaɗan ne a waɗannan garuruwa, kowa ya san gidajenmu. Shekara da shekaru iyayenmu suna zaune lafiya da maƙwabtansu Musulmi, ana gaisawa, ana zuwa suna da jana'iza, ana ranta wa juna garma da iri. Wannan zaman ba daga sama ya faɗo ba, gina shi aka yi da haƙuri daga ɓangarorin biyu. Dutse ɗaya da yaro ya jefa a filin ƙwallo zai iya barin filin ya shiga gari da wani suna dabam. Kafin magariba an daina cewa yaro ya yi jifa, an koma cewa mutanen wane sun yi. Wanda ya jefa bai yi nufin haka ba, amma mai neman fitina ba ya tambayar nufi. Ya kamata yaranmu su ji wannan daga bakinmu a fili, ba don su zauna cikin tsoro ba, sai don su san darajar abin da suka gada.

Abin da za mu yi

Ba mu ce a hana yara ƙwallo ba. Yaron da aka kulle a gida zai fita ta katanga, ya kuma daina gaya maka inda ya je. Ƙwallo tana haɗa yaranmu da na maƙwabta, abu ne mai kyau. Ga abin da muke roƙo.

Iyaye maza, ku je bakin fili. Ba kullum ba, amma ranar babban wasa a ga dattijo ɗaya ko biyu daga cikinmu a tsaye, tare da dattawan unguwa. Idan kallon tsara yana ƙara wa yaro wuta, kasancewar babba tana rage ta. Ku yi magana da mai unguwa da masu shirya gasa tun kafin ranar, a san wa zai tsaya ina.

Ku ba yaro maganar da zai fita da ita. Cewa a'a gaban abokai yana da wuya, don haka kada mu bar shi ya ƙirƙiro amsa a lokacin da jininsa yake tafasa. Ku zauna da shi ku gwada. Idan suka ce in ka isa, me za ka ce? Yana iya mayar musu da dariya ya ce, kai da ka isa fara mu gani. Yana iya jingina abin a kanku ya ce, Babana ba zai bar ni da rai ba. Ku ba shi izini ya yi amfani da sunanku haka. Gara a yi masa dariyar yini ɗaya da a ɗauke shi a amalanke. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Idan ya tambaya, ku ba shi amsa mai ƙarfi. Yaron Filadelfiya ya kira mahaifinsa. Wannan ya nuna wani ɓangare na zuciyarsa yana neman wanda zai riƙe shi. Ba mu ɗora wa mahaifin laifi ba, ya faɗi gaskiya, ɗan ne bai ji ba, wanda bai ji bari ba kuwa zai ji hoho. Darasinmu shi ne, duk ranar da ɗanka ya ɗan buɗe maka ƙofa irin wannan, ko da cikin raha ne, ka ajiye abin da kake yi. Ka ce masa a'a, ka gaya masa dalili, ka tambaye shi yana ina da wa yake tare.

Malaman Makarantar Lahadi da shugabannin matasa, ku yi magana da masu zuga, ba da wanda aka zuga kaɗai ba. A kowane labari irin wannan akwai yara huɗu ko biyar da suka tsaya gefe suna tafi, ɗaya kuma yana riƙe da waya. Su ma 'ya'yanmu ne. Idan abin ya ɓaci su ne na farko wajen gudu, suna cewa mu dai wasa muke yi. A koya musu cewa mai tura mutum rami yana da rabonsa a faɗuwar. A kuma ba samari aikin da yake bukatar ƙarfin hali na gaske: yashe rijiya tare da manya, gyaran rufin gwauruwa kafin damina, raka marar lafiya asibiti cikin dare, ba da jini ga wanda shekarunsa suka kai. Saurayin da aka yaba masa a gaban ikilisiya saboda irin wannan ba zai ji yunwar tafin bakin fili sosai ba.

Idan kuma abin ya riga ya faru, kada a ɓoye yaro, kada a tura shi wani gari da dare. Uba ya kama hannunsa, dattijon ikilisiya ya raka su, a je wurin wanda aka ɓata wa da wurin mai unguwa tun kafin a aiko. A ba da haƙuri, a biya abin da aka lalata. Yaron kuma ya sa guminsa cikin biyan, ko ta ƙwadago a gona ko ta wani aikin hannu, domin abin da uba ya biya shi kaɗai ba ya zama darasi. Kotun Amurka da ta ba wancan yaro aikin awa 80 ta gane wannan. Bayan haka a karɓe shi. Kada kuskuren yini ɗaya ya zama sunansa a cikin ikilisiya, ana nuna shi da baki duk ranar Lahadi. Yaron da gida ya ƙi shi, wurin masu zugar nan zai koma, don su ne kaɗai suka rage masu yi masa maraba.

'Yan'uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna roƙon kowace ikilisiya da ta aiko da wakili ta ɗauki wannan batu a taron dattawa na gaba, ta fitar da sunayen mutum biyu da za su riƙa zuwa bakin fili idan gasa ta zo, ta kuma keɓe Lahadi ɗaya da iyaye da samari za su zauna su yi wannan magana fuska da fuska. Ubangiji ya ba mu hikimar renon 'ya'yanmu, ya tsare su a fita da shiga, ya kuma ƙara mana zaman lafiya da maƙwabtanmu. Amin.